Kowa Ya Tuna Bara Bai Ji Daɗin Bana Ba: Gardamar Masu Son Ƙwallo

A majalisun samari na Gusau, da teburan masu shayi na Tsafe, da gidajen kallon ƙwallo na Bungudu, akwai wata gardama wadda takan kwanta ta tashi, ba ta taɓa mutuwa. Gardamar kuwa ita ce: in mai koyar da 'yan wasa ya ci wa ƙungiya kofi ya tafi, sa'an nan aka sake kiransa, ya dawo abubuwa suka ƙi, da wane mudu za a auna shi? Da na bara ko da na bana? Tun da Zamfara United ta sauka daga ajin farko, mutanenmu da yawa sun mai da hankalinsu ga Kano Pillars, wadda ake yi wa kirari da Masu Gida, saboda haka da labarinta za mu yi misali.

Yadda Aka Hau

An kafa Kano Pillars a 1990, amma sai a 2008 ta fara cin kofin gasar ƙungiyoyin Nijeriya, a hannun Kadiri Ikhana. Shi wannan mutum tun kafin ya zo Kano sunansa ya kai ko'ina, domin shi ne ya jagoranci Enyimba ta Aba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003, abin da wata ƙungiyar Nijeriya ba ta taɓa yi ba kafin nan. Bayan tafiyarsa, Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka. Daga nan Muhammad Baba Ganaru ya ci kofi a 2012 da 2013, Okey Emordi ya cika na uku a jere a 2014. A wannan zamani baƙo ba ya zuwa filin Sani Abacha da zaton nasara, gama an shekara 12 ba a ci Pillars a gida ba cikin gasar.

Yadda Aka Gangaro

Laifin daɗi ƙarewa. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a kan hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. A watan Agusta kuma Nasarawa United ta zo har Kano ta ci biyu da ɗaya. Da hankali ya tashi sai aka waiwaya baya, aka dawo da Baba Ganaru, amma kofin 2015 Enyimba ta ɗauka, na 2016 kuwa Rangers ta Inugu. Aka sake waiwayawa, aka kira Ikhana, wanda shi ne ma ya ci wa Enyimba kofin 2015 ɗin nan. Jama'a suka yi murna ƙwarai. To, a watan Afrilu na 2017 Akwa United ta ci Pillars ɗaya da nema a Kano, 'yan kallo suka tā da hargitsi, aka ci ƙungiyar tara, kuma kafin kakar wasan ta ƙare Ikhana ya bar aikin.

Abin Da Kowane Sashe Ke Faɗi

Masu gardama kashi biyu ne. Kashi na farko, yawancinsu manya waɗanda suka ga 2008 da idonsu, suna cewa wanda ya buɗe maka ƙofa ba ka rufe ta a fuskarsa. A ganinsu, duk kofunan da suka biyo baya a kan harsashin da ya aza aka gina su, kuma butulci ne a manta da wannan saboda 'yan watanni marasa daɗi. Kashi na biyu, yawancinsu samari, suna cewa kofin bara ba ya shiga raga bana. In da gwanintarsa ce kaɗai ta kawo kofi, ina ta tafi da ya dawo? Har sukan ƙara da cewa ai ƙungiyar ta fi nisa a Afirka bayan tafiyarsa, watau 'yan wasa ne suka yi aikin, shi ya kwashi yabo.

Mu a namu gani, kowane sashe ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi. Abin da duka biyu suka manta shi ne, mai koyarwa in ya dawo, shi kaɗai yake dawowa. 'Yan wasansa ba su biyo shi ba, shekarunsu ba su koma baya ba, shugabannin da ya saba da su sun canja, abokan hamayya kuma sun koyi dabarunsa. Tsakanin 2008 da 2017 shekara tara ce, ɗan wasan da yake da ashirin da biyar a lokacin ya haura talatin. Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka guda yana yaro, tun 2010 ya tafi Turai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya ɗauke ta bara da mutum goma, in aka ce ya ɗauka bana da waɗansu goma dabam, lalle sai an ba shi lokacin da zai san ƙarfin kowa.

Ba A Nan Kaɗai Ba

Kada masu karatu su zaci wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A Ingila, José Mourinho ya ci wa Chelsea kofi a 2005 da 2006, ya tafi a 2007, ya dawo a 2013, har ya sake cin kofi a watan Mayu na 2015. Wata bakwai bayan haka, ran 17 ga Disamba, aka sallame shi, domin an ci ƙungiyar wasa 9 cikin 16, ta faɗo ta 16 a jeri. Ga mutum ɗaya, ga kusan 'yan wasa ɗaya, ga dukiya ba iyaka, amma cikin shekara guda an gan shi a ƙoli an gan shi a ƙasa. In mudu ɗaya ya ba da awo biyu cikin shekara ɗaya, ashe kaka guda ba ta isa a yanke wa mutum hukunci da ita ba, ko na yabo ko na zargi.

Mudun Da Ya Kamata

Malaman makaranta sun fi kowa sanin wannan magana. Sau nawa hedimasta yakan yi suna a wata makaranta, yaransa su ci jarrabawa, a ɗauke shi, bayan shekaru makarantar ta lalace, iyaye su yi ta kai kuka a dawo musu da shi? Ya dawo ya tarar malaman da ya horar an watsa su, littattafai sun ƙare, rufin aji yana yoyo. In sakamakon shekarar farko bai yi kyau ba, sai waɗanda suka yi kukan a dawo da shi su fara cewa ya tsufa. Mai duba makarantu na kirki kuwa tambaya uku yake yi kafin ya rubuta rahoto: me ya tarar, me aka ba shi, me ya bari? Waɗannan tambayoyi su ya kamata mai son ƙwallo ya yi. Me mai koyarwa ya tarar na 'yan wasa? An biya su haƙƙinsu a kan kari, an bar shi ya zaɓi waɗanda yake so? Da ya tafi, ya bar samari masu tasowa ko kango ya bari?

Labarin Pillars kansa ya nuna haka. Bayan Ikhana, Ibrahim Musa ya karɓi aikin. A 2018 ƙungiyar tana gaba da ci uku a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, Rangers ta farke duka ta karɓe kofin. Da an bi zafin ranar nan da an kore shi, amma aka yi haƙuri, a 2019 ya ɗauko kofin a Kaduna. Har wa yau, sauya masu koyarwa bai hana ƙungiyar faɗuwa daga ajin farko a 2022 ba, sai a 2023 ta komo. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kullum ne tsamin yake fitowa daga wurin mutum ɗaya ba.

Jan Kunne

Saura magana guda, wadda ta fi sauran nauyi. Gardama a majalisa ba laifi ba ce, tana ma wasa hankali. Amma in ta tashi daga baki ta koma jifa a fili, ƙungiyar da ake so ita ke biyan tara, ita ake kora daga gidanta, kuma uba mai hankali ba zai sake barin ɗansa ya je kallo ba. Muna roƙon malamai da ma'aikata, waɗanda samari ke jin maganarsu a Gusau da Tsafe da Bungudu, su koya musu su yaba wa mutum a kan abin da ya yi, su tuhume shi a kan abin da yake hannunsa kaɗai. Kofin 2008 yana nan a rubuce, babu wanda zai kankare shi, haka kuma na 2017 da bai samu ba. Allah ya ba mu ikon yin adalci ko da a wajen wasa, amin.