Robar Ƙarƙashin Injin Jirgin Ruwa Ba Irin Ta Mota Ba Ce

Wanda ya taɓa hawa kwalekwalen inji a Yawuri ko Baga ya san injin da ake maƙalawa a baya. Wannan babu ruwansa da zancenmu. Muna magana ne a kan jirgin da injin dizal ke zaune a cikinsa, sandar ƙarfe ta taso daga giyabos ta huda bayan jirgi ta riƙe farfela.

Bakaniken da ya saba da mota zai ce ai injin sit, wato robar ƙarƙashin inji, duk ɗaya ne. A nan ake yin ɓarna. Mota tayoyi ke tura ta. Jirgi kuwa farfela ce ke tunkuɗa ruwa, ƙarfin ya biyo sanda, ya ratsa giyabos, ya sauka a kan robobin da inji ke zaune a kai, galibi guda huɗu. Su ke tura jirgin da lodinsa kaf, in an sa ribas kuma a fizge su baya. Robar mota ba a yi ta don wannan aikin ba. Inji zai riƙa zamewa gaba, sanda ta bi shi.

Wajen zaɓe, nauyin inji haɗe da giyabos ake fara dubawa, sannan yawan silinda. Mai silinda ɗaya ko biyu ya fi rawa, musamman in yana silo. Roba mai laushi ta fi shanye jijjiga, amma tana barin inji ya yi ta kaɗawa, sandar ƙarfe kuma ba ta san lanƙwasa ba. Shi ya sa ake sa mahaɗi mai roba tsakanin giyabos da sanda. Kada a auna shi da ƙarfin inji kaɗai: giyabos mai rage gudu biyu zuwa ɗaya yana ninka ƙarfin murɗawa sau biyu, mahaɗin ne kuma zai ɗauka. Akwai tsari irin na Aquadrive, wanda ke kai turin farfela ga jikin jirgi kai tsaye, robobi su huta, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu ɗaukar mahaɗin roba maganin karkataccen aiki. An sa roba, shi ke nan, a ɗaure noti a tafi! Alhali buƙatar saita sanda da giyabos tana nan daram. Ana kwance kusoshin, a haɗa fuskokin ƙarfen biyu, ta giyabos da ta sanda, a zura siririn ma'aunin nan da ake gwada bawul da shi: sama, ƙasa, dama, hagu. A fuska mai faɗin inci 4, bambancin kada ya wuce milimita 0.1, kusan kaurin takarda. Ana ɗaga inji ko a sauke shi da notin da ke kan kowace roba, a sake gwadawa, har ya zauna. Kuma a kan ruwa ake yi, domin jikin jirgi, balle na katako, yana sauya zama in ya bar tudu.

Sabuwar roba takan lotsa bayan ta ɗauki nauyi, don haka a sake gwada saitin bayan 'yan makonni. Dizal ko baƙin mai da ke ɗiga a kanta yana kumbura ta har ta rabu da ƙarfenta. In ka zura bareshi a ƙarƙashin inji ka ga ya ɗago ya bar robar a ƙasa, ta gama aiki; a canza su gaba ɗaya.