Ko Kun Sani?

Robar nan da ma'aikacin lafiya yake ɗaure wa mutum a dantse kafin ya ɗebi jini tana da iyakar lokaci. A asibitin Filinge, babban garin ƙasar Kurfai, kamar ko'ina, ba a so ta wuce minti 1 zuwa 2 a ɗaure. Idan ta daɗe, jinin da ya taru a jijiya yakan yi kauri, sai awon ya nuna abin da babu shi a jiki. Shi ya sa gwani yake kwance ta da zarar jini ya fara zuba a kwalba.

Launin murfin kwalaben ma ba don ado aka yi shi ba. Mai murfin shunayya tana ɗauke da sinadarin EDTA da ke hana jini daskarewa, ita ake cikawa idan za a ƙirga ƙwayoyin jini. Juya ta ake yi a hankali, don girgizawa tana fasa ƙwayoyin. Wanzami mai ƙaho bai damu da wannan ba, shi zubarwa yake yi.

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin ƙa'idojin aikin ɗibar jini.