Bilyaminu ba sunan Netanyahu ba ne

Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoban 2023 ake ta yawo da wata magana a majalisun bakin Ƙofar Dukawuya a Kano: wai bai dace Musulmi ya raɗa wa ɗansa Bilyaminu ba, domin sunan Yahudawa ne, ga shi ma shi ne sunan firaministan Isra'ila, Netanyahu. Kishin 'yan'uwa Falasɗinawa ne ya kawo maganar, ba na raina kishin. Hujjar ce dai ba ta da ƙafa.

Gaskiyarsu, sunan ba Larabci ba ne. Daga Ibrananci ya fito: "ben" ɗa, "yamin" hannun dama, kamar yadda Balarabe zai ce ibnu da yamin, don harsunan biyu dangi ne. Wasu masana sun ce ɗan kudu ake nufi, tunda wanda ya fuskanci gabas kudu ce a damarsa. Littafin Farawa na Attaura ya ce Rahila, mahaifiyar Bilyaminu, ta rasu wajen haihuwarsa, tana kan gargara ta kira shi Ben-oni, wato ɗan baƙin cikina, sai mahaifinsa Annabi Yakubu ya sauya masa da wannan.

To amma in rashin zama Larabci laifi ne, ina za mu kai Isiyaku da Yakubu da Isma'ila? Ɗalibin da ya ɗan zauna gaban malamin nahawu a zaure ya san ba a yi wa waɗannan sunaye tanwini, saboda ba na Larabawa ba ne tun asali. Kuma an rawaito cewa Manzon Allah (SAW) da kansa ya raɗa wa ɗan Abdullahi bin Salam suna Yusuf, alhali uban malamin Yahudawan Madina ne kafin ya musulunta.

Alƙur'ani bai ambaci sunan Bilyaminu ba; a Suratu Yusuf ɗan'uwan Yusuf kawai aka ce. Masu tafsiri ne suka bayyana shi, har da Jalalaini da ake karanta mana kowane azumi. Shi ne ƙanen da aka ɓoye mudun sarki a cikin kayansa don ya zauna wajen yayansa a Masar. Daga nan kakanninmu suka ɗauko sunan, harshenmu ya mai da Binyaminu Bilyaminu, abokai suka gutsure shi ya koma Bilya. Har kwalejin kimiyya da fasaha ta Haɗeja sunan Binyaminu Usman take ɗauke da shi.

Ranar suna, bayan an idar da sallar asuba, uban jariri kan sunkuya ya raɗa wa liman sunan a kunne, ana ta miƙa goro da dabino. In ya ce Bilyaminu, yawanci mahaifinsa ko malaminsa ya yi wa takwara, su kuwa ɗan Annabi Yakubu aka yi wa tun ba a haifi Netanyahu ba.