Arrakis: Duniyar da Tofa Yawu Yake Girmamawa

A tsakiyar bazara na kalli kashi na biyu na fim ɗin Dune, wanda ya fito a 2024, a kwamfutar wani abokina. Ana zafin nan na Katsina da fanka ba ta maganinsa, jarkarmu ta kusa ƙarewa, ɗan garuwa kuma bai leƙo ba tun safe. Sai ga mutanen cikin fim suna tatsar ruwa daga jikin gawa. Abokina ya ce, "Kai, waɗannan sun fi mu shan wuya!" Muka yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai.

Sunan duniyar tasu Arrakis. Babu ita a sararin samaniya. Wani marubuci Ba'amurke, Frank Herbert, ya ƙago ta a littafinsa na 1965. Rairayi ne iya ganinka, wata biyu a sama, ruwan sama kuwa ko ɗigo. A ƙarƙashin yashin akwai tsutsotsi da tsawonsu kan kai mita 400, suna jin takun ƙafa sai su taso. Can kaɗai ake samun wani sinadari mai suna melange, wanda idan babu shi jirage ba sa iya ratsa tsakanin taurari. Manyan gidajen sarauta na kashe juna a kansa, 'yan ƙasar kuwa, Fremen, ruwan sha ma gagararsu yake. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Fremen na sa wata riga mai tace gumin jiki ya koma ruwan sha. Idan ɗayansu ya tofa yawu a gabanka, karrama ka ya yi, don ya ba ka ruwan jikinsa. Kada dai ka gwada wannan a Ƙofar Soro.

Abin da ya fi jan kunnena shi ne kalmominsu. Suna jiran Mahdi, suna kiransa Lisan al-Gaib. Herbert ya ɗebo da yawa daga Larabci da tarihin Musulmi, har da gwagwarmayar Imam Shamil da Rasha. Sai dai a labarin, wata ƙungiyar mata, Bene Gesserit, ita ta shuka musu wannan imani tun da daɗewa, kuma baƙo, Paul Atreides, ya hau kansa ya karɓi mulki. Marubucin gargaɗi yake yi game da bin jagora ido rufe, na yarda. Duk da haka sai na ji wani iri: rawani namu, hamada tamu, harshe mun san shi, amma mai ba da labarin daga wani wuri yake.

Tunanin ma daga yashi ya faro. A 1957 Herbert ya je jihar Oregon don rubutu kan yadda ake dasa ciyawa a tsayar da tuddan rairayi. Mu da ake dasa itatuwa a arewacin jiharmu don tare hamada, ai aikin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ga kuma Daura nan kusa. A rijiyar Kusugu, maciji ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo Bayajidda ya zo ya kashe shi, ya auri sarauniya. Ruwa, dodo, baƙo, sarauta: kayan haɗin Arrakis ke nan, mun riƙe su tun kafin a haifi kakan Herbert. Ba kuma a ce ba mu taɓa leƙa sama ba, don tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya da Hausa.

Daren nan ni da abokina muka yago takarda daga littafin darasi, muka zana tamu duniyar: rijiya guda tak, gari mai ganuwa, ayarin gishiri na sauka daga wata. Har yanzu ba mu sa mata suna ba, muna gardama kan tsawon macijin.