Babu Manhajar da Ba A Iya Buɗe Cikinta

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin matasanmu masu rubuta manhaja, har na gaji da jin ta. Wai da zarar ka gama rubutunka ka mayar da shi fayil ɗin APK ko EXE, shi ke nan ya kulle, babu mai ganin abin da ke ciki. Wani ma sai ya ƙara da cewa ya sayi wata kariya a hannun wani a Telegram, wadda aka rantse masa ko 'yan Rasha ba sa iya fasa ta. A kan wannan imani ne yara ke zuba mabuɗan sirri, da kalmar shiga rumbun bayanai, da lambar asusunsu na dilan data, duk a cikin manhajar da za su raba wa dubban mutanen da ba su taɓa gani ba. Ranar da aka wayi gari kuɗin walat ya ƙare, sai a fara zargin abokin aiki, ko a ce sammu ne.

Bayanin abin a taƙaice: mutum yana rubuta manhaja da harshen da shi yake ganewa, sai wata manhajar ta juya rubutun zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. Akwai kuma masu bin sawu a baya, su ɗauki abin da aka juya su maido shi kusa da yadda aka rubuta shi. Iyakar zancen ke nan.

To, yaya wahalar wannan bin sawun take? Ga mafi yawan abin da matasanmu ke rubutawa, babu wahala ko kaɗan. Manhajar Android da aka rubuta da Java ko Kotlin ba ta komawa harshen na'ura kai tsaye. Tana tsayawa ne a wani mataki na tsakiya wanda ke riƙe da sunayen sassa da na ayyuka da duk wani rubutu da ka saka. Akwai JADX, kyauta ce a intanet. Ka jefa mata APK, kafin shayinka ya huce ta shimfiɗa maka rubutun mai shi, har da sunayen da ya raɗa wa abubuwa. Wanda ya yi aiki da C# kuwa ILSpy na jiransa. Masu Python da ke naɗe aikinsu da PyInstaller su ce sun samu EXE, su ne suka fi ba ni tausayi, domin naɗewa kawai aka yi, kuma ana warwarewa. C da C++, da abin da Flutter ke fitarwa, sun fi tauri, gaskiya ne, don sunaye da yawa suna ɓacewa. Amma a watan Maris na 2019 hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta saki Ghidra, manhajar buɗe irin waɗannan, ga kowa da kowa ba tare da ko sisi ba, aikin da a da sai mai kuɗin sayen IDA Pro ke yin sa cikin sauƙi. Sannan ko a wane harshe ka yi rubutu, mabuɗin da ka rubuta a fili yana nan a fili cikin fayil ɗin, mai nema zai gan shi ba sai ya fahimci sauran ba.

Sai wani ya ce, ai ni na rufe mabuɗin nawa da lissafin sirri kafin na saka. Madalla. Da me wayar za ta buɗe shi idan lokacin amfani ya yi? Da wani mabuɗin. Ina shi yake? Cikin manhajar. Ka garƙame shago da ƙaton kwaɗo, ka rataye makullin a jikin ƙofa, ka tafi gida kana murna. Dole ne na'ura ta karanta umarninka kafin ta aiwatar da shi, kuma na'urar tana hannun wani ne, ba hannunka ba. Abin da wayarsa ta iya karantawa, shi ma zai iya. Ba ma sai ya wahalar da kansa da warware lissafinka ba: da irin su Frida zai zauna ya zuba ido manhajar tana aiki, ya jira daidai lokacin da ta buɗe sirrin da kanta, ya ɗauke.

Wannan ba ra'ayina ba ne. A shekarar 2001 Boaz Barak da wasu masana shida suka gabatar da hujjar lissafi da ta nuna cewa babu wata hanya guda da za ta iya rikita kowace irin manhaja har ta zama mai riƙe da ita bai san komai ba sai abin da ke shiga da abin da ke fita. Tun kafin su, a 1883, Auguste Kerckhoffs ya rubuta cewa tsarin sirri na ƙwarai shi ne wanda ko ya faɗa hannun abokin gaba ba a shiga uku ba, muddin mabuɗin bai tafi tare da shi ba.

Tarihi ma ya isa shaida. Kamfanonin finafinan Amurka da na kayan lantarkin Japan sun haɗu sun yi wa faifan DVD kariya mai suna CSS. A watan Oktoba na 1999 aka saki DeCSS, wadda ta karya ta. Ɗaya daga cikin mutum ukun da suka yi aikin, Jon Lech Johansen, ɗan ƙasar Norway ne mai shekara 15. Ta ina aka shiga? An ciro mabuɗin ne daga cikin wata manhajar kallon fim ta kamfanin Xing, wato daidai kuskuren da yaranmu ke yi yau. An gurfanar da yaron, kotu ta wanke shi a 2003, kuma faifan da aka riga aka sayar ba su kiranyuwa. Ga kuma Denuvo, kamfanin ƙasar Ostiriya wanda sana'arsa ita ce kare wasannin kwamfuta, kuma manyan kamfanoni ke biyan sa maƙudan kuɗi. Wasan Resident Evil 7 ya fito a Janairun 2017 da kariyarsa, cikin kwana 5 aka fasa. Su kansu masu wannan sana'a abin da suke sayarwa shi ne jinkiri, a samu a ci kasuwar makonnin farko. Ba su taɓa yi wa kowa alkawarin har abada ba. Sai mutumin Telegram ne zai yi maka, a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba?

Abin da ya fi ba ni haushi, mai iƙirarin cewa ba a iya buɗe manhajarsa sau da yawa GBWhatsApp ce a wayarsa. Daga ina yake tsammani ta fito? Wasu ne suka buɗe WhatsApp ta asali, suka sassauya, suka sake naɗewa. Idan an yi wa Meta mai WhatsApp haka da duk injiniyoyinta, ɗan'uwa, wace ce manhajarka ta sayar da data? Kuma kada a ɗauka mu kaɗai ke wannan sakaci. A 2022 masu bincike na Symantec sun samu manhajojin waya 1,859 ɗauke da mabuɗan shiga rumbun Amazon a cikinsu, mafi yawansu ma na iPhone ne, wayar da ake cewa ba a taɓa ta.

Rashin manya masu duba aikin yara, da kwafo darasin YouTube ba tare da fahimta ba, suna da nasu kason a wannan matsala.

Yanzu me za a yi? Abu na farko, kuma wanda ya fi sauran duka in an haɗa su: duk abin da fitarsa za ta jawo maka asara, kada ya shiga wayar kowa. Ya zauna a sabarka. Manhajar da ke hannun mutane ta zama mai kai saƙo kawai; ta tambayi saba, saba ta yanke hukunci. Ka duba kamfanin biyan kuɗi na Paystack: mabuɗi biyu suke ba ka, ɗaya ya fara da pk, ɗaya da sk, kuma sun faɗa ƙarara cewa na biyun ba ya barin saba. Haka lambar da dilan data ya ba ka. Idan ta shiga APK, duk wanda ya sauke manhajarka ya zama abokin tarayyarka a walat, sai dai in Allah ya sa bai duba ba. Kuma kada ka yarda da abin da waya ta faɗa maka. In ta ce an biya, sabarka ta je ta tabbatar da kanta a wurin kamfanin biyan kuɗin. In ta ce farashin kaya naira 500 ne, saba ta duba nata lissafin. Na sha ganin manhajar da duk bambancin mai biya da marar biya layi ɗaya ne a cikin waya, mai cewa e ko a'a. Mai fasa zai juya a'a ta koma e, ya raba wa duniya. Masu amfani da Firebase kuma su koma su karanta dokokin shiga da suka bari a buɗe tun ranar gwaji. A nan ne ɓarnar take, domin adireshin rumbun dama ba sirri ba ne.

Bayan wannan sai a zo kan rikita rubutu. Ban ce a bar shi ba. R8 tana nan cikin kayan aikin Android tun 2019, ta gaji ProGuard, kyauta ce, layi ɗaya ake kunna ta. Tana mayar da sunayenka su koma a da b da c, ta kuma rage nauyin manhajar. Flutter ma yana da nasa umarnin. Wannan zai kori malalacin ɓarawo, kuma yawancin ɓarayin malalata ne. Amma ka sani ba ta ɓoye rubutun da ka saka a fili, mabuɗinka na nan yadda ka bar shi. Ka adana fayil ɗin da ke fassara sunayen, in ba haka ba ranar da manhajar ta faɗi a wayar wani kai ma ba za ka gane rahoton ba. Ka yi amfani da Play Integrity don sabarka ta san ko manhajar da ke magana da ita ta asali ce. Ka riƙe mabuɗin sa hannunka da kyau, kada ya kwana a GitHub ko a tura shi ta WhatsApp. Ka sa iyaka ga yawan buƙatun da asusu ɗaya zai aiko a minti guda, ka kuma riƙa duba rajistar saba, domin sata tana da alama kafin ta yi nisa.

Kada kuma tsoro ya kai ka ga zaluntar wanda ya biya ka. A 2005 Sony BMG ta saka wata ɓoyayyiyar manhaja a faifan waƙoƙinta don hana kwafa, wadda ke shigewa can cikin Windows ba da sanin mai kwamfuta ba. Mark Russinovich ya bankaɗo ta, masu ƙwayoyin cuta suka fara fakewa a bayanta, kamfanin ya janye faifan ya kuma sha ƙararraki. Kariyar da ke sa wayar talaka zafi, ko ta hana shi aiki duk lokacin da sabis ya ɗauke, kai take cuta, don wanda ya sauke fasasshiyar ba ya fama da ita.

Akwai kuma doka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa. In za ka yi wa wani aiki, a rubuta a takarda wa ke da rubutun, wa ke da izinin sayarwa. Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai manhaja da mai kuɗi ba ta Ghidra ba ce, ta rashin takarda ce.

Shi kansa buɗe cikin manhaja ilimi ne, ba laifi ba. Da shi Marcus Hutchins ya gano abin da ya tsayar da cutar kwamfuta ta WannaCry a 2017. Amma kai da ka koye shi don ka fasa aikin ɗan'uwanka ka raba a guruf, ko ka kwashe masa walat, ka ji tsoron Allah. Watanni ya yi yana fama da rashin wuta da tsadar data kafin ya gama. Haƙƙinsa ne ka ci, ko ba wanda ya gan ka.

Kai kuma mai manhaja, yau ɗin nan ka sauke JADX, ka buɗe APK ɗinka da hannunka, ka nemi sk_live da duk wata kalmar sirri da ka san ka taɓa rubutawa. In ka gan ta, goge ta a sabon fitowa bai wadatar ba, domin tsohon fayil ɗin yana hannun mutane. Ka je ka soke mabuɗin, ka karɓi sabo, ka ajiye shi a saba.