RIJIYA DA GONA: DANNIYAR GADO DA BOREN TALAKAWA A TSOFAFFIN FINAFINAN INDIYA



Na san a cikinku akwai masu mamakin abin da ya kai malamin Hausa ga zancen finafinan Indiya, alhali ga waƙoƙi da tatsuniyoyi jingim ba mu gama nazarinsu ba. Amsata ita ce, abin da jama'a suka shekara fiye da sittin suna kallo, suna kuka dominsa, suna kwaikwayon waƙoƙinsa, ya riga ya shiga cikin al'adarsu, ko malamai sun so ko sun ƙi. Tambayar da nake so mu duba a yau ita ce: me Bahaushe ya gani a cikin waɗannan finafinai, me kuma ya kau da kai daga gare shi? Kafin mu tafi Indiya kuwa, ina so mu fara tsayawa a bakin wata rijiya da kowa ya sani.

Rijiyoyi Biyu

Tarihin baka ya nuna mana cewa a zamanin Magajiya Daurama akwai wata macijiya mai suna Sarki a rijiyar Kusugu, wadda ta hana mutanen Daura ɗebo ruwa sai ranar Juma'a kaɗai. Bayajidda ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce babu. Ya tafi cikin dare ya sare kan macijiyar da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Ko mutum ya ɗauki wannan labari a matsayin tarihi ko almara, abu guda dai a fili yake: Hausawa sun ɗora asalin mulkinsu a kan 'yancin shan ruwa.

Rijiya ta biyu tana Indiya. A ranar 20 ga Maris, 1927, Dokta Ambedkar ya jagoranci dubban mutanensa zuwa wani tafki na gari a Mahad, suka sha ruwa. Laifinsu ke nan. Aka far musu da duka, sa'an nan aka yi wa tafkin "tsarki" da kashin shanu da fitsarinsu. Sai a 1937 kotu ta tabbatar musu da haƙƙin shan wannan ruwa. A can macijiyar ba dabba ba ce, al'ada ce.

Lokacin da nake karatu a ƙasar waje, na taɓa ba wani abokin karatuna Ba'indiye labarin Kusugu. Ya yi shiru, can sai ya ce mini a ƙauyensu kakarsa ba ta taɓa zura guga a rijiyar gari ba, sai dai ta tsaya daga nesa da tulunta har wani ya ji tausayi ya zuba mata. Ranar na gane cewa na girma ina kallon finafinan Indiya, amma rabin labarin kawai nake gani.

Tsarin Aji Na Gado

Tsohon tsarin addinin Hindu ya kasa mutane kashi huɗu: Barahmin, wato malaman addini, sai sarakuna da mayaƙa, sai 'yan kasuwa, sai kuma masu hidima. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai waɗanda ba su shiga lissafi ba, wato majema da masu shara da masu kwasar mushe da bayan gida. Su ne ake cewa taɓa su yana ɓata tsarki. A yau suna kiran kansu Dalit. Ƙidayar 2011 ta nuna sun kai kimanin miliyan 200. Tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda Ambedkar ya shugabanci kwamitin rubuta shi, ya haramta wannan ƙyama a sashe na 17. Amma doka a takarda daban, zaman ƙauye daban.

A kan wannan tsari aka ɗora mallakar ƙasa. Mai gonaki, wanda suke kira zamindar, da mai ba da bashi da ruwa, galibi daga manyan azuzuwa suke, mai ƙwadago kuwa daga ƙasa. Wannan ne ya haifar da boren manoma na Telangana daga 1946 zuwa 1951.

Yadda Finafinan Suka Zo Mana

An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, na Palace kuma a 1952. Daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwara suka fara shigo da finafinan Indiya, ba da daɗewa ba suka danne na Amurka da na Ingila a zukatan 'yan kallo. Masana irin su Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi bayanin dalili: kunya da suturar mata, biyayya ga iyaye, auren dole, rikicin soyayya. Duk wannan gaskiya ne. Amma ni ina ganin akwai wani dalili da ba a cika ambatonsa ba, shi ne gona da bashi.

Gona Da Bashi

Mu ɗauki Do Bigha Zamin na Bimal Roy, wanda ya fito a 1953. Manomi Shambhu yana da 'yar gona wadda mai ƙasa yake so domin gina masana'anta. Da ya ƙi sayarwa, sai aka murɗe littafin bashi, rufi 65 ya koma 235, kotu ta ba shi wata uku. Ya tafi cin rani Kalkata yana jan keken ɗaukar mutane da ƙafarsa. Daga ƙarshe gona ta tafi. Ya sunkuya ya ɗebi ƙasa cikin tafin hannunsa, mai gadi ya hana shi ko wannan.

Sai Mother India na Mehboob Khan, 1957, fim ɗin da da wuya a sami dattijo a birnin Kano ko Katsina da bai san shi ba. An ci bashin rufi 500 wajen Sukhilala domin bikin Radha. Sharaɗin da aka rubuta, wanda manoman ba su iya karantawa, ya ba shi kashi uku cikin huɗu na amfanin gona kowace shekara. Mijin Radha ya rasa hannuwansa biyu a ƙarƙashin dutse, ya bar gida don kunya. Ɗanta Birju ya tashi da wuta a zuciya, ya shiga daji, ya dawo ya kashe Sukhilala. Da ya sace 'yar mamacin, uwarsa ta ɗauki bindiga ta harbe shi da hannunta.

Manomin ƙasar Hausa bai buƙaci tafinta ba kafin ya gane Sukhilala. Polly Hill, a nazarinta na Batagarawa da aka buga a 1972, ta bayyana yadda talaka yake cin falle, wato ya karɓi hatsi ko kuɗi da damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ya biya da kaka fiye da abin da ya karɓa. Da yadda yake barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani, har ya kai ga jingina ko sayarwa. Ga kuma haraji da jangali a zamanin En'e, ga dogari a ƙofar gida. Shekarun da waɗannan finafinai suka iso su ne shekarun jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, ta kuma bayyana ƙarara cewa akwai gwagwarmaya tsakanin masu sarauta da talakawa. Saurayin da ya ji laccar Malam Aminu Kano da yamma, ya ga Birju da dare, bai ga abubuwa biyu ba.

To amma ku lura da ƙarshen labarin. A Mother India uwa ce ta kashe mai bore. A Gunga Jumna na 1961, wanda Dilip Kumar ya fito a ciki, ƙanen mai boren ne ya zama ɗan sanda ya harbe wansa. Fim ɗin yakan bar ɗan kallo ya huce haushinsa na awa uku, sa'an nan ya tuna masa cewa hukuma ce ke da magana ta ƙarshe. Ba abin mamaki ba ne, domin sabuwar gwamnatin Nehru tana so manomi ya jira madatsar ruwa da gyaran dokar ƙasa. Shi ya sa Mother India ya fara, ya kuma ƙare, da buɗe magudanar ruwa.

Abin Da Ba A Faɗa Ba

A cikin waɗannan manyan finafinai ana maganar talauci, amma da wuya a ambaci aji na gado. Waɗanda suka ambata kuwa, da taka-tsantsan suka yi. A Achhut Kannya na 1936, Kasturi 'yar mai gadin mararrabar jirgin ƙasa tana son ɗan Barahmin. Aure bai yiwu ba, ta mutu a gaban jirgi. A Sujata na Bimal Roy, 1959, marainiyar da aka raina a gidan Barahmin ba ta sami cikakkiyar karɓuwa ba sai da ta ba uwar riƙonta jini. Ma'ana, sai Dalit ya mutu ko ya yi sadaukarwa kafin a yarda shi mutum ne. Tausayi ake nema masa, ba haƙƙi ba.

Sai a shekarun 1970 murya ta sauya. A Ankur na Shyam Benegal, 1974, ɗan mai ƙasa ya yi wa matar baransa ciki, sa'an nan ya zane mijin, wanda kurma ne, da bulala. Fim ɗin ya ƙare da wani yaro ya jefi tagar gidan da dutse. A Nishant, 1975, mutanen ƙauye suka taso gaba ɗaya suka hallaka gidan mai ƙasa. A Sadgati na Satyajit Ray, 1981, majemi ya mutu yana faskare kyauta a ƙofar Barahmin, shi kuma ya ja gawar da igiya don kada ya taɓa ta. Irin waɗannan finafinai, da ba su dogara ga rawa da waƙa ba, ba su yi kasuwa a wurinmu kamar na farkon ba. Don haka muka san mai ba da bashi, ba mu san mai hana guga ba.

Mu Dubi Gida

A nan wajibi ne in yi hattara. Ƙasar Hausa ba Indiya ba ce. Musulunci bai san wani ɗan Adam da taɓa shi ke karya tsarki saboda asalinsa ba. Mahauci da ɗan sarki sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, rijiya ɗaya suke sha, kuma ilmi da dukiya sukan ɗaga mutum. Wanda ya ce abu ɗaya ne ya yi wa gaskiya ƙarya.

Amma wanda ya ce ba mu da komai shi ma bai faɗi gaskiya ba. M. G. Smith, wanda ya rubuta littafi a kan sarautar Daura da aka buga a 1978, ya nuna tun 1959 yadda Hausawa suke jera mutane bisa sana'ar gado: masu sarauta a sama, malamai da attajirai na biye, mahauta da maroƙa a can ƙasa. Ba a rijiya muke nuna wannan ba, a wajen aure muke nunawa. Kowa a zauren nan ya san abin da ake nufi in dattawa suka ce za a "binciki asali". Sau da yawa ba halin yaro ake bincike ba. Ana so a ji ko kakansa ya riƙe wuƙar fawa ko askar wanzanci, ko kuwa an taɓa sayen wani a zuriyarsu. An haramta bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936, amma gorin bai mutu ba.

Ko labarin Kusugu da muke alfahari da shi yana ɗauke da wannan. Maƙera suka ƙera wuƙa, ɗan sarki ya sami gadon mulki. 'Ya'yan Bawo ɗan Daurama suka shiga Hausa Bakwai, zuriyar Karɓagari ɗan kuyanga Bagwariya aka kira su Banza Bakwai. Uba ɗaya, uwa ta raba.

Bore ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906, talakawa da bayin da suka gudo suka tashi da gatura da fartanya, suka karya rundunar Turawa a karon farko. Bayan wata guda sojojin Lugga, tare da goyon bayan masu sarauta, suka shafe garin daga doron ƙasa. Sauƙin da talaka ya samu daga baya ta hanyar ƙuri'a ya zo: a 1979 Gwamna Balarabe Musa na tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Daura take cikinta a lokacin, da Gwamna Abubakar Rimi na Kano, suka soke haraji da jangali.

Kammalawa

Zan rufe da jan hankali uku. Ga ɗalibai: masana'antar fim ta Hausa, wadda ta fara da Turmin Danya na 1990, ta ari rawa da waƙa da rikicin soyayya daga Indiya, ta bar gona da bashi a can. Labarin Satiru da na 'yar mahauci da aka hana aure suna nan suna jiran marubuci.

Ga ma'aikatan hukuma: Sukhilala bai ci Radha da takobi ba, da alƙalami ya ci ta. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, makomar gonar talaka tana rataye ne a kan takardar da ke teburinku. A duba fim ɗin Manthan na 1976, wanda manoma 500,000 suka ba da rufi bibbiyu aka shirya shi, a kan ƙungiyar gama kai ta masu nono, a ga yadda ma'aikaci ɗaya mai amana zai iya buɗe wa na ƙasa ƙofa.

Ga mu duka: kada mu ɗauki ɗan fashin fim a matsayin gwarzo. Abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Katsina da Zamfara ya isa ya koya mana cewa wanda ya shiga daji da bindiga, talaka ɗan'uwansa yake fara ci. Amma kuma wanda ya toshe kotu da ofis a gaban mai ƙara, shi ne ya nuna masa hanyar dajin. Hausawa suka ce, rigakafi ya fi magani.

Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, kowa ya je zai sha. Ya rage namu mu duba sauran rijiyoyin, mu ga wa muka tsayar daga nesa da tulunsa.