Jiran Gyara: Masu Naƙasa a Gidajen Hayar Gwamnati a Ingila

Iyalai kusan miliyan 4 ne a Ingila ke zaune a gidajen haya masu rahusa, wasu mallakin ƙananan hukumomi, wasu kuma na ƙungiyoyin gidaje da ba riba suke nema ba. Ƙididdigar gidaje da gwamnati ke fitarwa duk shekara ta nuna cewa a fiye da rabin waɗannan gidaje akwai mai naƙasa ko mai fama da doguwar jinya. Shi ya sa buƙatar gyara gida domin ya dace da jikin mai zama a cikinsa take ta ƙaruwa, layin masu jira kuma yake ƙara tsawo.

Yawancin abin da ake roƙo ba wani babban abu ba ne. Ƙarfen riƙewa a gefen matakala, gangara a bakin ƙofa domin keken guragu, cire bahon wanka a sa shawa wadda ba sai an ɗaga ƙafa ba, ko kujerar lantarki mai hawa da mutum bene. Ƙananan gyare-gyaren da ba su wuce fam 1,000 ba, doka ta ce kyauta ne ga wanda aka tabbatar yana buƙata. Manyan kuma akwai tallafi na musamman da aka fara bayarwa tun 1990, wanda iyakarsa fam 30,000 ce. Kuɗin da gwamnati ke warewa wannan tallafi ya tashi daga fam miliyan 220 a shekarar kuɗi ta 2015/16 zuwa miliyan 711 a 2024/25. Kuɗi ya ninka fiye da sau uku, amma har yanzu ana samun mutanen da ke shafe shekara da ɗoriya suna goge jiki da tsumma a kicin saboda banɗaki yana sama.

Tushen matsalar yana jikin ginin kansa. An gina yawancin waɗannan gidaje ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, domin ma'aurata masu jini a jika da 'ya'yansu: ƙofofi matsattsu, banɗaki a bene, matakala tun daga bakin titi. Waɗanda suka shiga da ƙuruciya sun tsufa a ciki. A duk faɗin Ingila, a shekarar 2018 kusan kashi 9 cikin 100 na gidaje ne kawai ke da abubuwa huɗun da ke ba mai keke damar ko da kai ziyara, wato shiga ba tare da matakala ba, dokin ƙofa a baje, ƙofofi masu faɗi, da bayan gida a ƙasa. Sannan dokar 1980 ta zamanin Margaret Thatcher ta ba 'yan haya damar sayen gidan da suke ciki da rangwame, aka sayar da kusan miliyan 2 ba a maye gurbin yawancinsu ba. Yau iyalai kimanin miliyan 1.3 ke kan jerin masu jiran gida. Don haka idan hukuma ta ce wa mai naƙasa gidansa ba zai gyaru ba, gara ya koma wani, galibi babu wanin da za a ba shi.

Sai kuma hanyar neman tallafin, wadda a ganina ita ta fi cutar da mutane. Kafin a taɓa ko da ƙusa ɗaya, sai ma'aikacin lafiya da ya ƙware wajen duba yadda mutum ke gudanar da rayuwarsa a gida ya zo ya tantance. Irin waɗannan ma'aikata sun yi ƙaranci. Dokar 1996 ta ba ƙaramar hukuma wata shida ta yanke hukunci, amma ba a fara lissafin sai an miƙa cikakkiyar takardar nema, bayan tantancewa, da zanen aiki, da farashin 'yan kwangila, da izinin mai gida. Watannin da mutum ya ɓata kafin nan ba sa shiga lissafin kowa. Hukuma tana iya cika wa'adin doka cif, alhali mai ciwon da ke cin jiki da sauri ya riga ya wuce matakin da gyaran zai amfane shi. Iyakar fam 30,000 ɗin ma tun 2008 ba a taɓa ta ba, ga kayan gini da ladan magina sun yi tashin gwauron zabi. Iyalin da ke buƙatar a ƙara wa yaronsu ɗaki da banɗaki a ƙasa, su ne wannan ke kayarwa. Masu haya a gidan ƙaramar hukuma kuwa, daga asusun kuɗin haya ake biyan nasu gyaran, asusun da shi ne dai ke ɗauke da yoyon rufi da gyaran lif da matakan kashe gobara.

Jiran nan yana da farashi, kuma asibiti ne ke biya. Kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura shekara 65 yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, an kuma ƙiyasta cewa faɗuwa tana cin hukumar lafiya ta NHS fiye da fam biliyan 2 duk shekara. Tsohuwar da ta karye a ƙugu takan ci gaba da riƙe gadon asibiti bayan ta warke, domin ba a iya sallamarta zuwa gidan da ba za ta iya hawa ba. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne bayan matar da ke ɗaukar mijinta a matakala safe da yamma, da saurayin da ya daina fita sam domin lif ya lalace.

Gobarar benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, ta nuna iyakar inda sakaci ke kaiwa. Mutum 72 suka rasu. Cikin masu naƙasa 37 da ke zaune a benen, 15 ba su fito ba. An zaunar da wasunsu a hawa na sama, kuma ba wanda ya tsara yadda za a fitar da su idan wuta ta tashi. Kwamitin bincike ƙarƙashin Sir Martin Moore-Bick ya ba da shawara a 2019 cewa a wajabta wa masu manyan benaye su yi wa kowane mai rauni tsarin fita nasa na kansa. A 2022 gwamnatin lokacin ta ƙi, ta kafa hujja da tsada da wahalar aiwatarwa. Ban ga yadda za a karɓi kuɗin haya daga hannun mutum a hawa na ashirin, sannan a ce tunanin saukowarsa ya yi tsada ba.

Mutuwar Awaab Ishak ta fito da ɗaya fuskar sakacin. Yaro ne ɗan shekara biyu, iyayensa 'yan asalin Sudan, ya rasu a Disamba 2020 a garin Rochdale sakamakon shaƙar fumfunar da ta cika bangon gidansu. Mahaifinsa ya daɗe yana kai kuka. Maimakon a gyara, sai aka ɗora laifin a kan yanayin zamansu, wato an bar jaki ana dukan taiki. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki a Oktoba 2025: haɗarin gaggawa a magance shi cikin awa 24, danshi da fumfuna masu tsanani a bincika cikin ranakun aiki 10. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai dokar ba ta sa wa gyaran naƙasa irin wannan wa'adi ba, ko da yake ga wanda ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, matakala ma haɗari ce da yake kwana yana tashi da ita.

Masu gidajen suna da nasu uzurin, kuma ba duka ne ƙarya ba. An tilasta musu rage kuɗin haya da kashi 1 cikin 100 duk shekara daga 2016 zuwa 2020, ga nauyin cire kayan rufin bango masu kama wuta bayan Grenfell. Amma akwai asarar da su da kansu suke jawowa. Hukumomi da yawa ba su da cikakken rajistar gidajen da aka riga aka gyara, don haka idan mai naƙasa ya rasu ko ya tashi, a wasu wurare sai a cire kujerar benen, a mayar da baho, a ba wani mai lafiya, yayin da mai keke ke kan layi a unguwar.

Gina gida daidai tun farko ya fi gyara shi daga baya sauƙi da araha. Landan ta daɗe da bin wannan: tsarin gininta ya ce kashi 90 na sababbin gidaje su kasance masu sauƙin shiga da sauƙin gyarawa, kashi 10 kuma su dace da mai keken guragu. A Yuli 2022 gwamnati ta yi alƙawarin mayar da ma'aunin farkon wajibi a duk Ingila, amma har ta sauka a 2024 ba ta zartar da shi ba, kuma a tsakanin nan an ci gaba da gina dubban gidaje a kan tsohon ma'auni.